Inuwar da Dencha Ta Yanke

Duk wanda aka yi wa baftisma a garinmu Pitiquito, ko ya yi aure a nan, ko ya nemi fasfo don tsallaka iyaka zuwa arewa, to Fidencia Celaya ta taɓa kama masa haɓa. Dencha muke ce mata. Ita ce mai shagon hoton nan na kusa da coci, kuma matar yayana Rosendo ce, saboda haka ni Amparo na fi kowa ɗanɗana kuɗarta. Ba ta ɗaukar mutum yadda ya shigo. Sai ta zaunar da kai gaban labulenta, ta ja da baya ta ƙanƙance ido, sannan ta zaro mataji da ɗan almakashi daga aljihun riga. Gashin da ya sauko goshi, ƙat. Zaren da ya fito a wuyan riga, ƙat. Ranar aurena ta datse min wata 'yar jelar gashi da na ɓata safiya guda ina murɗawa, ko tambayata ba ta yi ba.

Na ce, "Haba matar Yaya, ado ne fa!"

Ta ce, "A madubinki ado ne, a kyamarata datti ne. Ɗaga kai, uwar surutu."

Mahaifinta mai aski ne, a shagonsa ta girma, ina jin can ta kwaso wannan ƙaiƙayin hannu. Hoton kuwa wajen wani baƙo ta koya, mai zuwa duk shekara lokacin bikin gari, ta ishe shi da tambaya har ya gaji ya bar mata tsohuwar kyamararsa. Abin haushin shi ne, in ta gama da kai ka karɓi hotonka, sai ka ji kunyar fushin da ka yi. Matar ta iya, wannan ko ni da nake neman laifinta ban taɓa musawa ba.

Yaya Rosendo kuwa tun yana saurayi yake kiwon shanun mutane a kan doki, a dajin da ke yamma da gari. Yadda aka yi suka daidaita, Allah kaɗai ya sani. Shi ba ya iya zaman ɗaki, ita ba ta son ƙura ta taɓa mata takalmi. Duk tsawon aurensu ba ta taɓa bin sa daji ba. In ya dawo yana ba da labarin wani kwari ko wani dutse, sai ta ce, "Tsoho, wanke hannu tukuna, dajinka ba gudu zai yi ba." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "To, tsohuwa." Haka suke kiran juna tun gashinsu yana baƙi.

Da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa, shagon ya fara mutuwa a hankali. Amare suka koma ɗaukar kansu da kansu, fuska a karkace, bokitin shara a bayansu, kuma su ce ya yi kyau. Dencha ta yi ta masifa har ta gaji, ta naɗe labulenta ta sa wa shagon kwaɗo. Ba a jima da wannan ba Yaya ya faɗi a bakin rijiyar shanu. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta yi nauyi, baki ya karkace, magana sai da ƙyar.

Likita ya ce ƙafar za ta iya ɗaukarsa in ya dage yana takawa, ya kuma faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa in ya kwanta ya ƙi motsi, zaman ne zai kashe shi, ba ciwon ba. Yaya ya ji da kunnensa, ya kau da kai. Muka dawo gida ya sa aka juya masa kekensa yana fuskantar bango, ya ba taga baya. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi ɗaura sirdi ba! In abokansa sun zo gaisuwa sai ya rufe ido kamar mai barci. Na dafa masa farfesun tumbi ranar Lahadi, irin wanda yake lashe kwano a kansa, ya yi cokali biyu ya ture. Ina kallo wuyansa yana ramewa, rigarsa tana yi masa yawa. Na ji tsoro, tsoro na gaske, domin na san taurin kan gidanmu. In ɗan gidanmu ya yanke shawarar tafiya, ba mai riƙe shi.

Wata safiya ina murza tortilla, wainar masarar da nake sayarwa, sai ga Dencha a ƙofata, ta ɗora malafar Yaya a ka, da wata sabuwar kyamara a wuya wadda 'yarsu ta aiko mata daga birnin Hermosillo.

Ta ce, "Kashe wutar nan, daji za mu."

"Daji? Ke?"

"Tunda ya ƙi zuwa, ni zan ɗauko masa shi in liƙa masa a bangon da yake kallo. Ke za ki riƙe min kaya."

Haka na zama 'yar dako da tsufana. Tsohuwar akori-kurar Yaya muke shiga, Dencha tana tuƙi kamar mai jin haushin hanya, ni ina rungume da madubi da baƙin labulen shago da ƙafafun kyamara. Ba ta san sunan ko tsiro ɗaya ba, amma ta san fuska, kuma a wajenta duk abin da ya tsaya gaban kyamara mai fuska ne. Sai ta zagaya ƙaton saguaro, tsiron hamadar nan da ya ninka ta tsawo sau nawa, da hannayensa a sama da ƙayoyinsa, tana cewa, "Wannan ɓangaren hagunsa ya fi kyau." Ta sa ni in ɗaga baƙin labule a bayan wani jan fure don kada dutse ya raba hankali. Ta sa ni in karkata madubi in jefa hasken safe cikin tsagar jikin saguaro har ƙayoyin su fito ɗaya-ɗaya. Matar da ba ta son ƙura, sai ga ta kwance rub-da-ciki a kan tsakuwa tana ce wa tsiro, "Yauwa, haka, kar ka motsa."

Na ce, "In ya motsa ai ni ce zan fara gudu."

Mu dai mun sha ƙaya. Akwai cholla, wannan mai guntaye da ke maƙale wa mutum ko giftawa ya yi, ta kama ni a ƙwauri na yi ihu har tsuntsaye suka tashi. Dencha ta zaro matajinta ta zura ƙarƙashin guntun ta fizge shi, ta ce, "Kin ga amfanin abin da kike zagi." Amma da yamma ta yi, rana ta koma bayan chollar nan, sai ga ƙayoyin sun kama haske kamar an kunna musu fitila a ciki. Ta ɗauka. Da na ga hoton sai da na riƙe baki. Abin da ya huda ni ɗazu ne ya koma haka? A garin nan aka haife ni, kullum ina wuce waɗannan abubuwa, ban taɓa tsayawa na dube su ba.

Ta wanke hotuna ta liƙa masa a bango, saitin idonsa. Yaya ya rufe ido. Ta ƙara wasu, ya sunkuyar da kai. Makonni muna wannan, bango ya cika, shi kuwa ko tari. Wata rana a hanyar dawowa ta tsayar da mota ba dalili, ta kifa goshi a kan sitiyari. Na dafa mata kafaɗa har ta ɗago ta tayar da motar.

Abin da ya buɗe bakinsa ba ma hoton da ta wahala a kansa ba ne. Wani ne da ta so jefarwa, wai sararin sama ya yi fari da yawa. A can gefensa akwai wani jan tsauni mai giɓi a ka. Tana cikin liƙawa sai muka ji gurnani a bayanmu. Yaya ya ɗaga hannun hagu yana nuna giɓin.

Ya ce, "Kwarin... Mujiya."

Dencha ta daskare, ƙusa a baki. Sai da muka haɗa kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, kamar masu tsintar wake, sannan muka gane. A ƙasan tsaunin akwai busasshen rafi. A bakin rafin akwai bishiyar palo verde mai gindi biyu. A ƙarƙashinta akwai ɗan saguaro, ya gan shi tun bai wuce kan yatsa ba, ya kewaye shi da duwatsu saboda kofaton shanu, kuma shekara da shekaru duk sanda ya bi ta wajen sai ya sauka daga doki ya leƙa shi. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa, a yi masa dariya?

Ya ce, "Je ki... duba. Ko yana nan."

Tun da ya faɗi, wannan ne abu na farko da ya roƙa. Ko ruwa ba ya cewa a ba shi. Dencha ta fita tsakar gida ta tsaya tana gyara igiyar shanya da ba abin da ya same ta, ni kuwa na san kuka take.

Washegari muka tafi. Ƙarshen watan Mayu ne, zafi ya fara nuna hali, ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Muka sha yawo kafin mu ga bishiyar mai gindi biyu, koren jikinta yana sheƙi, rassanta sun sauko har suna sharar ƙasa. Dencha ta durƙusa ta leƙa, sai ta yi wata 'yar ƙara irin ta yarinya. Yana nan, cikin da'irar duwatsunsa, bai fi tsawon tafin hannu ba, ƙulu-ƙulu da shi, da fararen ƙayoyi a ka. Duk shekarun nan, iyakar girman da ya yi ke nan.

Ta ce, "Amparo, maza ɗauko madubi da labule."

Motar tana can nesa saboda yashi. Kafin in je in dawo, abin da ya faru ya faru. Na tarar da rassa zube a gefe. Ƙananan ta bi su da almakashi, babban da ya yi wa tsiron rumfa ta ɓangaren yamma kuwa ta sa addar Yaya da take ratayawa saboda maciji. Ta share busassun ganye, ta gyara zaman duwatsun. Ɗan saguaron yana tsaye fili fetal, rana a kansa.

Na ce, "Dencha, me kika yi haka?"

"Gashi ne ya rufe masa fuska. Ta yaya Rosendo zai gan shi cikin wannan tarkace? Karkata madubin."

Jikina bai ba ni ba, amma ni 'yar gari ce, sana'ata tortilla, ban san dalilin da zan kawo ba. Hoton kuwa ya fito, kai, ban taɓa ganin ta yi irinsa ba. Kowace ƙaya da inuwarta. Ta wanke shi babba, ta sa masa firam ɗin da ta cire daga hoton aurenta, ta sa riga mai kyau kamar za ta coci, sannan ta ɗora masa a cinya.

Yaya ya daɗe yana kallo. Da farko gefen bakinsa mai rai ya motsa kamar zai yi murmushi. Sai na ga idonsa yana yawo a saman hoton, hagu da dama, yana neman wani abu. Fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Ina... inuwar?"

"Na ɗan rage rassan ne, tsoho, don ka..."

Ya daki hannun keken da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Kalmomi suka riƙa fitowa a tsinke, rabi magana rabi numfashi, amma babu wadda ba mu gane ba. Ƙaramin saguaro ba ya rayuwa a fili. Bishiyar ce uwarsa, ita take tare masa rana da rani, ta tare masa sanyi da hunturu, sai ya girma ya fi ta tsawo sannan ya iya da kansa. Ga Yuni yana shigowa, kuma ranar yamma ita ce mai dafa abu. Ta yanke masa daidai reshen da ke tsakaninsa da ita.

Ya ce, "Kin... kashe shi. Don hoto."

Dencha ta matso gabansa. Ta ɗauke firam ɗin ta kife shi a kan tebur. Ta tausaya min ƙwarai, domin abin da hannunta ya saba yi tsawon rai shi ya yi, kuma don shi ta yi.

Kafin gari ya gama wayewa ta taso ni. Ta ɗauko farar laimar da take tausasa haske da ita a shago, muka je muka kafa wa tsiron, muka danne da duwatsu. Da muka koma dubawa, iska ta fizge ta ta jefa cikin cholla, ta yi kaca-kaca. Ta ce to za ta lulluɓe shi da baƙin labule. Da Yaya ya ji, saura kaɗan ya faɗo daga keke.

"Baƙi? Gasa shi... za ki yi?"

"To faɗa min yadda zan yi mana! Ni mai hoto ce, ba makiyayiya ba."

Ya shiga bayani. Rumfa za a yi, amma ba mai rufewa ruf ba, inuwa mai ramuka irin ta bishiya, wadda haske zai riƙa ɗigowa, iska ta wuce, ruwan sama ya samu hanya. Da sandunan cikin mataccen saguaro ake yi, waɗanda suke zube a daji. A karkata ta yamma. A kewaye da ƙaya saboda shanu. Ni da nake gefe ina wanke kwanuka na gane sarai. Amma Dencha, matar da ta koyi sabuwar kyamara a wuni ɗaya, sai cewa take, "A tsaye ko a kwance? Yamma ta wajen dutsen ko ta wajen rafin? Sake faɗa, ban ji ba." Ya maimaita, harshe yana sarƙewa, gumi yana keto masa. Ta kawo cokula ta jera a tebur ta ce ya nuna mata, ya nuna, ta sake jera su a birkice.

Yanke reshen kuskure ne, wannan na rantse, na ga hawayenta. Amma wannan rashin ganewar, har yau ban tambaye ta ko da gangan ta yi ba, ita ma ba ta ce min komai ba. Na dai lura ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Can Yaya ya share cokulan da hannu suka watse a ƙasa, ya ce, "Ku kai ni."

Ba wadda ta yi murna a fili, kada ya fasa. Dencha ma cewa ta yi, "Ka tabbata? Da zafi fa." Ya harare ta. Ta cire malafarsa daga kanta ta ɗora masa.

Shigar da shi mota kaɗai aiki ne, tsofaffin mata biyu da ƙaton namiji, ko da ya rame. A hanya ya sa na sauke masa gilashi, iska mai zafi tana dukan fuskarsa, hancinsa yana buɗewa. Da muka isa inda yashi ya fara, muka sauke keken, ƙafafunsa suka nutse nan take. Muka tura, muka ja, ko gezau. Ga bishiyar can muna hangowa.

Na ce, "Yaya, ka zauna nan ka riƙa ɗaga mana murya, mu yi."

Ya ce, "Ku? Ku biyu?" Ya yi tsaki, tsakin da na yi kewarsa. "Kama ni."

Ya rataya hannun hagu a wuyana, Dencha ta rungumo ƙugunsa ta ɓangaren da ya mutu, ya miƙe. Ya jefa ƙafa mai lafiya, ya ja ɗayar tana zana layi a yashi. Muka tsaya ya huta, muka sake. Nauyinsa ya kusa karya min wuya, ina jin zuciyarsa tana bugawa a kafaɗata, ina addu'a a ciki kada mu kashe mutum saboda tsiro. Dencha kuwa bakinta bai huta ba. "Taka mana, tsoho, ko jaririn da na ɗauka ranar baftisma ya fi ka sauri." Shi kuma yana huci yana cewa, "Mai... adda." Haka suka yi ta yi har muka isa.

Muka zaunar da shi a kan dutse. Ya sunkuya ya dubi abin nasa. Gefen yamma ya riga ya yi rawaya, faci guda kamar ƙunar dutsen guga a riga. Ya miƙa yatsa ya taɓa tsakanin ƙayoyin a hankali, ya danna.

Ya ce, "Da tauri. Bai ruɓe ba."

Daga nan ya zama shugaban aiki. Ni ya tura tsintar sanduna, wannan ya yi gajere, wancan ya ci rana da yawa, koma. Dencha ta haƙa ramuka da addar da ta yi ɓarnar. Ɗauri kuwa ya ce ba mai yi sai shi. Ya kama wayar ƙarfe da haƙori, ya murɗa da filaya a hannun hagu, Dencha tana riƙe masa sandar, kawunansu a haɗe, suna faɗa a kan wa ya karkata ta. Rassan da ta sare su ya sa aka shimfiɗa a sama, ya ce su biya bashin inuwarsu ko a bushe. Muka jawo ƙaya muka kewaye. Da aka gama, rumfar ba ta kai gwiwata ba, a karkace, mummuna, amma da ka leƙa ƙasa sai ka ga haske ɗigo-ɗigo a jikin tsiron.

Dencha ta kwanta ta saita kyamara. Wata sanda ta gitta mata gaba, hannunta ya tafi da kansa zai gusar da ita. Yaya ya cire malafa ya maka mata a hannu.

Ta ce, "Wayyo! To ta ina zan ɗauka?"

"Ta... tsakani."

Ta yi ƙunƙuni, ta matsa, ta sake matsawa, ta jira iska ta lafa, ta ƙyasta ta tsakanin sandunan. Tun daga ranar ban ƙara ganin ta taɓa ko ganye ba. In abu ya tare mata, ita take zagayawa, ko ta zauna ta jira rana ta matsa. Ta ce wai jiran ya fi yankan wuya, amma hoton ya fi yin magana. Ni dai na huta da ɗaukar labule.

Rumfa kuwa ba a kafa ta a manta. Iska tana kwance waya, shanu suna ture ƙaya, kuma Yaya ya ce ko kaza ba zai ba mu amana ba, balle wannan. Dole a koma da shi. Zuwa na biyu ya huta sau da yawa, na gaba ya rage. Ya sa aka yanko masa sanda, ya daina rataya a wuyana. Ranar da ya dawo ya ce min farfesun da na yi gishiri ya yi kaɗan, ya kuma miƙo kwano a ƙara, na shiga madafa na yi kuka na more.

Yuni ya yi mana wuta. Ranar San Juan ta zo, aka fito da mutum-mutumin waliyyin aka zagaya gari ana roƙon ruwa, kowa yana kallon sama, ko gajimare babu. Facin rawayan ya koma ruwan ƙasa, jikin tsiron ya tsuke, tsagoginsa suka matse. Yaya ya hana a zuba masa ruwa da yawa, wai ɗan daji ne, in aka shagwaɓa shi saiwarsa za ta ruɓe. Dencha kuwa na san duk dare da abin take kwana. Sai cikin Yuli hadari ya taso daga kudu, aka yi ruwa irin mai cika rafi, gari ya ɗauki ƙamshin jiƙaƙƙen daji. Da hanya ta bushe muka je. Ya kumbura, ya yi kore shar, tabon yana nan kuma Yaya ya ce da shi zai tsufa, amma a tsakiyar kansa ga sababbin ƙayoyi masu laushi sun fito. A bakin inda adda ta sara, bishiyar ma ta yi toho.

Yaya ya ce, "Ya sha." Ya dubi Dencha ta gefen ido. "Duk da ke."

Ta ce, "Ai saboda ni ka gan shi da idonka, butulu."

Yanzu ta buɗe tsohon shagon, ta cika bangonsa da daji. Mutane suna shiga su tsaya, makiyaya su riƙa gardama a kan wane kwari ne wannan, yaran makaranta su tambayi ko da gaske bayan garinmu ne. Yaya bai warke ba, kada in yi ƙarya. Hannun dama yana nan yadda yake, magana har yanzu sai ya yi mata dabara, doki kuma ya gama hawa. Amma shi ke faɗa mata inda za a je, wane tsauni ne rana take fara taɓawa, wane wata ne wane tsiro yake fure, ita kuma ta yi kamar ta riga ta sani.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je da sassafe kai musu tortilla mai zafi. Tun daga kan kwana nake jin hon ɗin akori-kura, ana danna shi ba ƙaƙƙautawa, karnuka suna haushi. Yaya ne zaune a gaba, malafa a ka, sanda tsakanin gwiwoyi. Shi kaɗai ya fito, shi kaɗai ya hau. Ya miƙa hannun hagu ya kwanta a kan hon yana ɗaga murya, "Tsohuwa! Haske... zai wuce!"

Na shiga da sauri in ce mata ta fito kafin maƙwabta su yi mana taro. Na same ta a bayan ƙofa, ta gama shiri tsaf, kyamara a wuya, makulli a hannu, ta jingina da bango, hawaye yana bin kumatunta tana dariya.

Na ce, "Ke lafiya? Ba kya jin sa ne? Zai tashi unguwa!"

Ta riƙe min hannu ta ce, "Bar shi, Amparo. Bar shi ya ƙara dannawa, ina so kowa ya ji."